Kafaɗar Malam da Littafin da Bai Ƙarasa Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya saukar da cuta Ya saukar da maganinta, ko bawa ya dace da shi ko ya kuskure. Sunana Kulu. Haifaffiyar Argungu ce ni, ɗiyar masunta, aure ya kawo ni gidan malamai a Birnin Kebbi. Boko da tsufana na koye shi a ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga magana ta karkace ya yi mini haƙuri. Mutum iri biyu nake so su ji abin da ya same mu: masu irin zaman da maigidana ya yi shekara talatin da wani abu, da mata masu kaifin baki irina.

Malam, Allah Ya jiƙan shi, marubuci ne, amma ba na ofis ba. Littattafan addini yake kwafa da hannu, da alƙalamin kara da tawadar da nake dafa masa. Daga Gwandu da Jega da Kalgo ake kawo masa takarda a yi jiran wata da watanni, don hannunsa kyakkyawa ne, ko ni da ban iya ajami sosai ba na san da haka. Ga yadda yake zama: a zaure, bisa buzu, ya naɗe ƙafar hagu ya tada gwiwar dama, ya ɗora takarda bisa wani ɗan kwali a kan gwiwar. Sai ya sunkuya har gemunsa na taɓa ƙirji, baya ya lanƙwashe, kafaɗar dama ta turo gaba, gwiwar hannu na rataye babu abin da ta jingina da shi. Haka daga hantsi har azahar, kullum in ban da Juma'a.

Nakan leƙo in kawo masa fura in ce, “Malam, kai dai kullum kamar mai neman allura a ƙasa.”

Shi kuma ya ce, ba tare da ya ɗago ba, “Haka na iske babana na zama, Kulu.”

Gaskiya ya faɗa. Mahaifinsa da doro ya tsufa, kakansa ma an ce haka. A gidan nan doro ado ne. In tsoho ya wuce a ranƙwafe sai ka ji ana cewa ilimi ne ya yi masa nauyi, har matasan almajirai na kwaikwayon tafiyar don a ce sun fara nisa. Ba wanda ya taɓa kiran abin da sunan ciwo.

Akwai wani littafi da mahaifin Malam ya wallafa da kansa, na fiƙihu da rabon gado da waƙoƙin wa'azi, warƙa ɗari uku da 'yan kai, a cikin gafakar fata. Guda ɗaya ne a duniya. Da tsohon zai rasu ya ce wa Malam, “Kai kaɗ ɗauko hannuna. In takardar ga ta tsufa kai za ka sabunta ta, kada ka ba wani.” Malam ya yi ta jinkiri saboda aikin mutane, har wata damina ɗakin littattafai ya yi yoyo, ruwa ya jiƙa gafakar. Da anka buɗe, wasu warƙoƙin sun manne, tawada ta baje, gefuna na marmashewa in an taɓa. Ranar Malam bai ci abinci ba. Ya mayar wa kowa da takardarsa, ya ce ba zai sake aikin wani ba sai ya sabunta littafin babansa, kuma lalle kafin wata daminar ta zo ta ƙarasa shi. Daga nan zaman hantsi zuwa azahar ya koma hantsi zuwa magariba.

A farkon bazara na fara lura. Zai sa riga sai ya tsaya, ya cije leɓe, ya fara zura hannun dama a hankali. Zai rataye gafaka a ƙusa sai ya mayar da ita hannun hagu. In ya tada kabbara ina bayansa, hannun dama ba ya kai inda na hagu ya kai. Na ce sanyi ne, na sayo man zafi, na riƙa gasa masa da tsumma da ruwan ɗumi safe da yamma. Sati biyu muna haka. Da na gama shafa mai zai ce Allah Ya yi albarka, ya koma kan buzu ya naɗe kamar jiya.

Sati na uku ya daina kwanciya a ɓangaren dama. Sai 'yan dubiya sunka fara zuwa, kowa da asibitinsa a baki. Gwaggonsa ta ce ya bar cin kuɓewa. Wani maƙwabci ya ce jifa ce, masu hassadar hannunsa sunka yi, Malam ya ce masa ya ji tsoron Allah. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho huɗu a allon kafaɗa, ya nuna mana baƙin jini a ƙoƙo ya ce ga mugun nan ya fita. Kwana biyu munka samu sauƙi, na uku ciwon ya dawo har da saukowa damtse. Ni ban ga laifin wanzami ba, abin da ya iya ke nan, kuma ya yi da zuciya ɗaya.

Malam Sambo ne ya matsa a tafi asibiti. Shi ne babban almajirin Malam, magidanci mai furfura a gemu, yana noman shinkafa a fadamar Zauro, ya zo ɗaukar karatu da yamma. A sati na biyar ya ɗauki Malam a babur, ni na bi su a ƙasa. Tun bayan asuba munka kama layin kati, rana ta take ba mu kai ba, mai ba da katin ya rufe taga ya ce sai gobe, ko kallon furfurar Malam bai yi ba. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Malam ya ce, “Kulu.” Sai na haɗiye. Washegari wata mai sayar da kunu a bakin ƙofa, wadda har yau ban san sunanta ba, ta shimfiɗa wa Malam tabarmarta a inuwa, ta sa ni na tsaya a layi a madadinsa. Allah Ya saka mata da Aljanna.

Likitan Bamisire ne, dogo mai tabarau. Da ya ji Malam na Larabci sai fuskarsa ta washe, sunka yi ta gaisawa kamar 'yan gari ɗaya. Wata ma'aikaciyar jinya ta tsaya kusa da ni tana mayar mini da Hausa. Ya lallatsa kafaɗar, ya tambayi sana'a, sa'an nan ya ce Malam ya zauna yadda yake zama in zai yi rubutu. Malam ya sauka daga benci ya naɗe a ƙasan ofishin. Likita ya ce, daga nan yadda kake, ɗaga hannu sama. Hannun ya taso ya tsaya daidai kafaɗa, Malam ya runtse ido. Sai likita ya dafa bayansa ya miƙar da shi, ya mayar da haɓarsa baya, ya buɗe masa ƙirji, ya ce sake ɗagawa. Wallahi ina kallo hannun nan ya ƙara fiye da taƙi guda kafin ciwon ya tsayar da shi.

Ya yi mana bayani yadda ko ni na gane. Ya ce akwai jijiya da ke bi ta wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin ƙashin kafaɗa. In mutum ya miƙe, ƙofar a buɗe take. In ya sunkuya ya turo kafaɗa gaba sai ta tsuke, jijiyar ta riƙa gogar ƙashi kamar igiyar guga a bakin rijiya, yau kaɗan gobe kaɗan, har ta sille. Maganarsa da ta zauna mini ita ce, “Ba alƙalami ke cin kafaɗarka ba, zamanka ne.” Ya ce a ajiye rubutu sati shida. Ya ba da ƙwayoyi. Ya koya masa motsi biyu: ya duƙa ya saki hannu yana lilo a hankali, da ya tsaya gaban bango yana hawa da yatsu. Ya ce bayan nan a yi masa tebur mai ɗan gangare, ya zauna a miƙe, gwiwar hannu a jingine, kuma duk warƙa ɗaya ya tashi ya taka. Muna fita ya ƙara da cewa kada a bari kowa ya ja hannun nan, jijiyar saura ƙiris. Ma'aikaciyar ta maimaita mini sau biyu. Ba zan ce ban ji ba, da kunnena na ji.

Malam Sambo bai yi wasa ba, kwana uku kafinta ya kawo tebur da 'yar kujera. Malam ya zagaye su yana kallo ya ce, “Ni akawun kotu ne? In hau kujera, almajirai na ƙasa, dattawa su shigo su iske ni bisa kansu?” Munka yi, munka yi, ya ce a shigar da su cikin gida. Teburin nan ni na ƙare ina jera kwanoni a kai. Hutun sati shida kuwa kwana huɗu ya yi. Ranar ta biyar hadari ya ɗan haɗu a gabas, ko ɗigo bai sauka ba, amma Malam ya dube shi ya dubi gafaka, ya ce in kawo tawada. Ƙwayoyin asibiti su sunka ƙara cuce mu, ba don ba su da kyau ba. Suna kwantar da zafin, shi kuma sai ya ɗauka sauƙi ne, ya ƙara sa'o'i.

Zuwa sati na tara ko lomar tuwo sai ya sunkuyar da kai ya tarbe ta a hanya. Rawani ya gagara naɗuwa. Amma yatsunsa lafiya lau, rubutu na tafiya, saura warƙa arba'in. Ina so mai karatu ya riƙe wannan: har ranar, hannun Malam yana rubutu.

A ranakun ne Yaya Manu ya zo daga Argungu da banda a kwando. Shi ne babban wanmu, shi ya ɗaura mini aure bayan rasuwar mahaifinmu, don haka Malam kallon suruki yake yi masa, ko ido ba ya haɗawa da shi. Ya ga yadda Malam ya miƙa hannu da ƙyar wajen gaisuwa, ya ce, “Mi a'a wanga? Ai gocewa ce. Ku kawo shi Argungu. Baidu maɗori ja guda shika yi, yaro shi koma ruwa da yamma.” Ba ƙarya ya yi ba. Na taso ina ganin samarin masunta da kafaɗa ta goce musu wajen jefa birgin kamun kifi ko tuƙin jirgi, a kawo su suna kuka, Baidu ya ja, ƙashi ya koma, su tashi suna dariya.

Kwana uku ban bar Malam ya sha ruwa da daɗi ba. Na ce likita baƙo ne, ina ya san jikin mutanen nan. Na ce ya ƙi tebur ya ƙi hutu, to ya ƙi wannan ma mu gani. Da duk ba su yi ba sai na taɓa inda na san zai ji. Na ce, “Shi likita sati shida yac ce, Baidu rana guda. Ga ruwa nan tafe, littafin babanka zai jira sati shida?” Sai ya ce in shirya. Da bakina na kai shi, ba wanda ya tilasta ni.

Munka shiga motar kasuwa da safe, kafin azahar muna gidan Yaya Manu. Anka kira Baidu, tsoho gajere mai kaurin damtse. Ni ina ɗaki bayan asabari ina ganinsu a tsakar gida. Ya sa Malam ya cire riga, ya bi kafaɗar da yatsa gaba da baya, ya gwada da ta hagu, ya daɗe yana yi. Sai ya ja baya ya ce, “Manu, ƙashin ga na nan gidanai. Wanga ba irin na 'yan ruwa ba ne. Ni ban ga abin ja ba.”

Da na yi shiru a nan da shi ke nan. Amma na ce daga bayan asabari, “Haba Baba Baidu, tun daga Birni munka taso. Mu koma haka? Ko kaɗan ne ka ja mai.”

Yaya Manu ya ce, “Ja mai, Baidu. Ai ba a zuwa wurinka a koma da ciwo.”

Baidu ya dubi Malam. Na san abin da yake jira, kalma ɗaya. Malam ya san abin da likita ya ce fiye da ni, don shi da Larabci ya ji daga bakinsa. Amma a gidan surukinsa yake, surukin ya yi magana, matarsa ta yi magana a gaban mutane. Kunya ta rufe masa baki. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Bisimilla.”

Anka kwantar da shi a tabarma. Baidu ya zauna ya kafa diddige a hammatarsa, ya riƙe wuyan hannu da hannu biyu, ya ja ya murɗa. Ƙarar ba babba ba ce, kamar an tsinke zaren saƙa, amma har ɗaki na ji ta. Malam bai yi ihu ba, salati kawai ya yi, gumi ya karyo masa. Baidu ya saki nan take. Ya tashi ya sa takalmi, Yaya Manu ya bi shi da goro da ɗan abin sadaka, ya ƙi karɓa. Ina jin ya ce, “Na gaya maku,” ya fita kansa a ƙasa. Ban taɓa riƙe tsohon nan a zuciya ba. Shi kaɗai ne ya faɗi gaskiya a gidan ranar.

Kafin mu iso Birni kafaɗar ta kumbura, washegari damtsen ya yi baƙi har gwiwar hannu. Hannun ya kwanta a jikinsa, ba ya rabuwa da haƙarƙari sai an ɗaga. Abin da ya fi ba ni tsoro, babban yatsa da manuniya ya ce ba ya jinsu, kamar na wani ne anka liƙa masa. Ya ce in miƙo alƙalami. Na sa masa a yatsu, ya zame ya faɗi a buzu. Na sake sa masa, ya sake faɗuwa. Ya ce in ɗauke, ya juya fuska bango.

Da munka koma wurin Bamisiren ya daɗe yana duba hannun. Can ya tambaya wa ya ja. Malam zai yi magana na riga shi, na ce wa ma'aikaciyar ta gaya masa ni ce. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya rubuta takarda zuwa Sakkwato, don lokacin jiha ɗaya muke, duk abin da ya girma can ake kai shi. Na sayar da tumakina biyu, Malam Sambo ya kawo buhun shinkafar da ya ajiye na iri ya ce a ƙara, na hana, ya rantse. Sau uku munka je Sakkwato cikin wata ɗaya, muna sauka gidan wani ɗan'uwan Malam. Layin can ya sa na raina na Birni, mutanen jiha kaf a baranda guda. A zuwa na uku, bayan an ɗauki hoto an sossoka yatsun da allura, likitan ƙashi ya ce ɓarna biyu ce. Jijiyar da ta sille ta tsinke, sa'an nan wadda ke kai ji da motsi zuwa yatsu ta miƙe fiye da ƙima. Ya ce ta biyun wani lokaci takan farfaɗo cikin watanni, wani lokaci ba ta dawowa, a yi ta motsa hannun a yi addu'a.

Daga nan jinya ta koma tawa. Na rataye masa hannun da majanyi. Ni ke masa wanka, ni ke zura masa riga, na koyi naɗin rawani a kan turmi kafin in gwada a kansa, duk da haka kullum sai ya ce ya karkace. Ya ƙi cin abinci da hagu, don haka ni ke ba shi a baki, mutumin da shekara talatin ban taɓa ganin cinsa ba sai dai in ɗauke kwano. 'Ya'yanmu mata uku sukan zo daga ɗakunansu su yini, amma in lokacin cin abinci ya yi sai ya ce su ba mu wuri. Wata rana ina ba shi loma kuka ya ƙwace mini, na ce ya yafe mini, ni na kashe masa hannu. Ya bari har na gama, ya ce, “Kulu, shekara talatin ni nike cin kafaɗar ga. Baidu ja guda yay yi. In za a raba laifi kamar gado, nawa kason ya fi.” Ya yafe, na sani. Ni ce har yau ban yafe wa kaina ba.

Abin takaici, yanzu da ba amfani sai ya zama ɗan gaban goshin likita. Ya sa anka fito da tebur da kujera zaure, ya zauna a miƙe yana ba da karatu, ba dattijon da ya ce uffan. Safe da yamma yana gaban bango, ina riƙe da hannun daman muna hawa tare. Cikin wata biyu ciwon wuyan da ya daɗe yana fama da shi ya tafi. Kafaɗar hagu da ita ma ta fara ƙorafi ta yi shiru. Nan na tabbata da mun bi maganar nan tun ranar farko, da sati shida kawai za mu biya. Yatsun sun ɗan farfaɗo, yana jin zafi da sanyi, yana iya matse alƙalami na ɗan lokaci, amma rawa suke yi, kuma hannun ba ya tsayuwa da kansa.

Damina ba ta jira mu ba. Ruwa ya sauka sosai, ɗakuna sunka yi danshi, duk yadda na naɗe gafakar da tsumma na rataye kusa da murhu, sai da funfuna ta kama tsofaffin warƙoƙin. Wata safiya Malam ya buɗe, rabin warƙa ta biyo yatsansa ta zama gari. Akwai layukan da ba mai iya karanta su a duniya sai shi, don ya haddace su daga bakin babansa. Ya zauna da gafakar a cinya har rana ta yi sama. Da Malam Sambo ya zo da yamma ya ce masa, “Sambo, ɗauko alƙalami. Ni in faɗa, kai ka rubuta.” Malam Sambo ya san wasiyyar, ya ce a ƙara jira ko wata guda. Malam ya ce takardar ba ta da wata guda. Ina bayan ƙofa na ji ya ce a hankali, ba da mu yake ba, “Na ba wani, Baba. Ka gafarce ni.”

Bai yarda Malam Sambo ya zauna a buzu ba. A tebur ya rubuta, kuma duk warƙa ɗaya sai Malam ya kore shi ya je bakin ƙofa ya dawo. Malam Sambo ya bar gonarsa a hannun ƙannensa a tsakiyar aikin shinkafa, yana zuwa daga Zauro cikin taɓo, wata rana babur a ture. Ban san da bakin da zan gode masa ba. To ga gargaɗina, tunda saboda shi na fara. Mai rubutu, mai ɗinki, mai saƙar tabarma, duk mai yini a sunkuye, ka ɗago aikinka zuwa gare ka, kada ka kai kanka gare shi. Ka tashi ka miƙe tun kafaɗa ba ta yi magana ba. In ta yi, kada ka rufe mata baki da ƙwaya ka ci gaba. Ke kuma 'yar'uwata, in mai sana'a ya ce bai ga abin yi ba, ki kama bakinki.

Ana fara yankan gero sunka kai ƙarshe. Wata Alhamis Malam Sambo ya yi sallama ya ce a kira ni. Ya ce warƙa talatin da tara ya rubuta, ya bar ta ƙarshe, inda marubuci ke rufe littafi ya sa sunansa ya roƙi addu'ar masu karatu. Ya ce wannan ba zai taɓa ta ba, ta Malam ce, layi goma sha ɗaya ne kawai. Malam ya daɗe yana kallon farar takardar. Sa'an nan ya ce in yi alwala in zo.

Na durƙusa a damansa na tallafe gwiwar hannun da tafukana biyu. Malam Sambo ya tsoma alƙalami ya sa masa a yatsu. In ya ce tafi, in matsar da hannun kaɗan zuwa hagu, in ya ce tsaya, in tsaya. Numfashinsa kawai nake ji da ƙarar kara a takarda. Sau huɗu alƙalamin ya faɗi. Layin da a da yake gamawa kafin in zuba fura a ƙwarya, yanzu sai ya huta sau biyu a cikinsa. Mun fara da hantsi, ana kiran azahar ya sa ɗigon ƙarshe. Rigarsa ta jiƙe, nawa hannuwan ban san a jikina suke ba. Na yi hamdala a fili, na ɗauka mun ci nasara.

Malam ya sa Malam Sambo ya zaro wata warƙa daga cikin waɗanda ya rubuta kafin Argungu, ya ajiye kusa da wannan. Ya dubi wannan, ya dubi waccan. Ni ma na duba. Haruffan yau sun bubbuɗe, wasu sun hau kan wasu, layukan na gangarewa kamar za su zube daga takardar.

“Sake rubuta ta, Sambo,” in ji shi.

“Allah gafarta Malam, hannunka ne. Kowa zai gane uzuri.”

“Babana bai bar littafin ga don a ji tausaina ba, don a karanta shi yab bar shi. Wa ka iya karanta wanga? Sake rubutawa, ka sa sunanka bayan nawa.”

Malam Sambo ya rubuta yana share ido da hannun riga. Malam kuwa ya jira tawadar tasa ta bushe, ya ɗauki warƙar da hagu ya miƙo mini. Ya ce, “Riƙe, Kulu. Wagga ni da ke munka rubuta ta.”

Ya yi shekara uku bayan nan yana ba da karatu, bai sake neman alƙalami ba har Allah Ya karɓi abinSa. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba duk mai jinya lada, Ya tsare masu lafiya da kuskure irin namu. Littafin na nan ana karantawa, daga nesa ake zuwa kwafarsa. Warƙar tana cikin akwatina. Ajamina bai kai in karanta ta duka ba, amma a layi na bakwai akwai inda rubutun ya zame ƙasa gaba ɗaya. Nan ne hannuna ya gaji.